Barbarar jinsi ɗaya a tsakanin dabbobi

Barbarar jinsi ɗaya a tsakanin dabbobi ita ce duk wata ɗabi'ar nema ko ta barbara da ke aukuwa tsakanin namiji da namiji, ko tsakanin mace da mace, na nau'in dabba guda. Ta ƙunshi rawar nema, hawan juna, shafar al'aura, da zaman biyu-biyu na tsawon lokaci wanda wani sa'in yakan kai ga renon 'ya'ya tare. An rubuta ganinta a nau'o'in halittu kimanin 1,500, tun daga ƙwari da tsutsotsi har zuwa kifaye, tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa. A ƙasar Hausa an fi saninta a wurin shanu, tumaki da awaki.

Masana ilimin halittu sun daɗe suna tambayar yadda ɗabi'ar da ba ta haifar da ɗa ta ɗore, alhali ka'idar juyin halitta ta ginu ne a kan yawan zuriyar da dabba ke bari. Amsar da akasarinsu suka tsaya a kai ita ce, abin da ido ke gani kamar ɗabi'a ɗaya ce, a haƙiƙa ɗabi'u ne da yawa masu dalilai mabambanta. A wasu dabbobi kuskure ne maras tsada, a wasu tana da amfani, a wasu kuma har yanzu ana muhawara a kan dalilinta.

Ma'anar kalmomi

A Hausa, barbara kalma ce ta saduwar dabbobi da tsuntsaye, ba a amfani da ita ga mutane sai a zagi. Kalmomin luwaɗi da maɗigo kuwa na mutane ne, kuma suna ɗauke da hukuncin addini da na shari'a, don haka ba su dace da bayanin abin da saniya ko fara ke yi ba. A wannan maƙala, jinsi na nufin namiji ko mace, nau'i kuma na nufin irin dabba, kamar saniya ko raƙumi.

Masana suna bambanta ɗabi'a da zaɓi. Ɗabi'a ita ce abin da aka ga dabba ta yi, ko da sau ɗaya ne. Zaɓi shi ne dabbar ta riƙa fifita jinsinta a kai a kai ko da ɗaya jinsin yana nan a shirye. Ɗabi'ar tana da yawa a duniyar dabbobi, kuma galibin masu yin ta suna barbara da ɗaya jinsin suna haihuwa. Zaɓi na dindindin kuwa ba kasafai ake samun sa ba, kuma misalinsa da aka fi bincika shi ne ragon gida.

Tarihin bincike

Charles Darwin ya wallafa ka'idar zaɓin yanayi a shekarar 1859, sannan ya faɗaɗa bayani kan yadda dabbobi ke zaɓen abokan barbara a 1871. Masu binciken da suka biyo bayansa sukan ga barbarar jinsi ɗaya, amma da yawa ba sa bugawa. George Murray Levick, likitan tawagar Kyaftin Scott zuwa Antatika, ya gan ta a wurin tsuntsayen fenguwin a 1911 da 1912. Ya rubuta wani ɓangare na abin da ya gani da haruffan Girkanci don kada kowa ya karanta, kuma rahotonsa bai fito ga jama'a ba sai a 2012.

A 1999 Bruce Bagemihl ya wallafa littafin Biological Exuberance, inda ya tattara shaidu daga nau'o'i kimanin 450. A 2006 gidan tarihin halittu na Jami'ar Oslo a ƙasar Norway ya yi baje koli a kan batun. A 2009 Nathan Bailey da Marlene Zuk suka jera bayanan juyin halitta da ake da su tare da auna hujjar kowanne. Wani bincike da Karyn Anderson da abokan aikinta suka buga a 2024 ya tambayi masana 65 masu nazarin dabbobi: kimanin kashi 77 cikin 100 sun ga ɗabi'ar a dabbobin da suke nazari, amma kashi 19 cikin 100 kaɗai suka taɓa buga wani abu a kai. Wannan ya nuna alƙaluman da ke hannu sun gaza ainihin yawanta.

A garken shanu, awaki da tumaki

A yankunan kiwo na Jihar Kebbi, kamar mazaɓar Dangamaji a Ƙaramar Hukumar Jega da maƙwabtanta na Aliero da Maiyama, ana kiwon shanu masu tozo irin su Bokoloji, Bunaji da Rahaji, da tumakin Uda da Balami, da jar akuyar Sakkwato. A cikin irin waɗannan garkuna ana ganin salo uku na ɗabi'ar, kowanne da ma'anarsa ga mai kiwo.

Na farko shi ne saniya ta hau saniya. Saniyar da ba ta da ciki tana shiga lokacin neman barbara kusan duk bayan kwana 21. Idan lokacin ya matso takan kasa natsuwa, ta riƙa kuka, tana shinshinar 'yan'uwanta tana hawansu. Wadda ta tsaya cak ta bari aka hau ta, ita ce take cikin lokacin sosai. Litattafan kiwo na duniya suna ɗaukar wannan tsayuwa a matsayin alama mafi inganci ta shirin saniya. Lokacin gajere ne, bai cika wuce sa'o'i 18 ba, kuma a shanu masu tozo yakan fi haka gajarta, sau da yawa ma da dare yake faɗowa. Mai saniya ɗaya ko biyu da ke aron bijimin maƙwabci, ko mai amfani da barbarar zamani ta sanya maniyyi da hannu, wadda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana aiki a kai, ya dogara ne ga wannan alama. Idan ta wuce shi, sai ya jira wasu makonni uku, haihuwa da nono su ja baya.

Na biyu shi ne hawan juna tsakanin ƙananan dabbobi da kuma mazan da aka ware. Maruƙa da 'yan bunsuraye sukan hau juna tun kafin su balaga, ba tare da kula da jinsi ba. Haka ma ragunan da aka tara wuri guda ana kiwatawa don Babbar Sallah, ko aka jera a kara ranar kasuwa, babu tunkiya a kusa. Yawancinsu da zarar an sake su cikin tumaki sukan koma neman mata.

Na uku shi ne ragon da ba ya kula tunkiya ko da tana cikin lokacinta, sai rago ɗan'uwansa. Wannan ne ke jawo hasara ta zahiri ga wanda ya sayi rago don iri, kuma shi ne ya fi wahalar bayani.

Inda tambayar take

Ka'idar zaɓin yanayi ta ce halin da ake gado, idan yana sa dabba ta bar zuriya mai yawa, zai yaɗu, idan kuma yana rage zuriya zai ragu har ya ɓace. Barbara tana cin ƙarfi da lokaci, tana jawo rauni da cuta, tana kuma ɗauke hankalin dabba daga mafarauta. Idan an yi ta da jinsi ɗaya ba a samu ɗa ba, kamar an yi hasara ke nan. Shi ya sa wasu masana suka kira lamarin ɗaurin kan Darwin.

Sai dai wannan lissafi ya rataya ne a kan zato biyu: cewa ɗabi'ar tana da tsada, da cewa tana hana barbara da ɗaya jinsin. Bijimin da ya hau bijimi da safe ya barbari saniya da yamma bai rasa komai ba. Saboda haka kowane bayani da ke ƙasa yana ƙoƙarin amsa ɗaya daga cikin tambayoyi biyu: ko ɗabi'ar tana da wata riba a ɓoye, ko kuwa tsadarta ce ba ta kai a kawar da ita ba.

Kuskuren gane jinsi

Wannan bayani ya fi ƙarfi a ƙwari. A 2013 Inon Scharf da Oliver Martin sun duba rahotanni kan nau'o'in ƙwari da dangin gizo-gizo kimanin 110, suka ga cewa mafi yawan lokuta namiji ne ya ɗauki namiji a matsayin mace. Wani sa'in namijin da aka hau bai daɗe da rabuwa da mace ba, ƙamshinta na jikinsa.

Kuskuren yana ɗorewa ne saboda rashin daidaiton hasara. Ƙwaron da rayuwarsa kwanaki ce, idan ya tsaya dogon bincike mace ta wuce shi, zai iya mutuwa bai haihu ba. Idan kuma ya hau namiji bisa kuskure, 'yan daƙiƙu kawai ya ɓata. Don haka zaɓin yanayi ya fi goyon bayan mai gaggawa.

Ƙwari biyu da aka sani a ƙasar Hausa suna nuna abin da ke faruwa idan kuskuren ya yi tsada. Namijin kuɗin cizo yana barbara ne ta hanyar huda cikin mace, kuma yakan hau duk wani kuɗin cizon da ya ƙoshi da jini. Mace tana da wata gaɓa da ke rage illar hujin, namiji ba shi da ita. Camilla Ryne ta Jami'ar Lund a Suwidin ta nuna a 2009 cewa namijin da aka hau yakan saki wani warin gargaɗi da ke sa mai hawan ya sauka. Balagaggen namijin fara ɗango ma, idan fari suka yi cincirindo, yana fitar da wani sinadari da ke kore sauran maza. Waɗannan kariya shaida ce cewa hawan ya daɗe yana faruwa har zaɓin yanayi ya samar masa da magani.

Ƙarancin ɗaya jinsin

Idan jinsi ɗaya ya yi ƙaranci, ɗabi'ar takan ƙaru. Ragunan Sallah misali ne na gida. A garkunan kitso na Amurka, inda ake tara fiɗiyayyun shanu da yawa, akwai matsalar da wasu ke taruwa suna hawan ɗaya har ya jikkata, dole a fitar da shi.

A wasu tsuntsaye ƙarancin yana kai wa ga riba. A 2008 Lindsay Young da abokan aikinta sun gano cewa a wani mazaunin tsuntsun teku albatros na Laysan a tsibirin Oahu na Hawai, kashi 59 cikin 100 na tsuntsayen mata ne, kuma kashi 31 cikin 100 na sheƙuna mata biyu ne ke riƙe da su. Renon ɗan wannan tsuntsu aikin biyu ne, ɗaya na kwanci ɗaya na neman abinci. Matan sukan samu ƙwai daga mazan da ke da abokan zama, su yi renon tare. Nasararsu ba ta kai ta mace da namiji ba, amma ta fi ta macen da ta zauna ita kaɗai, wadda ba za ta iya fitar da ɗa ba sam.

Ƙulla ƙawance da kashe faɗa

A dabbobi masu zama cikin taro, hawan juna yakan yi aikin da ba na haihuwa ba. Matan birin bonobo na dazukan Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango suna goga al'aurarsu da juna, musamman idan an samu abinci ko bayan rikici, kuma baƙuwar da ta shigo sabon taro takan bi wannan hanya wajen kusantar manyan mata. Mazan dolfin na gaɓar Shark Bay a Ostareliya suna yawan yin haka tun suna matasa, kuma sukan ƙulla ƙawance na shekaru wanda da shi suke tsare mata. A raƙuman dawa, dangin waɗanda suka rage a Kure kusa da Yamai, Anne Innis ta rubuta a 1958 daga Afirka ta Kudu cewa maza sukan hau juna bayan kokawar wuya.

A 2023 Jackson Clive, Ewan Flintham da Vincent Savolainen suka buga nazarin mazan birin resus 236 a tsibirin Cayo Santiago na Puerto Rico. Kashi 72 cikin 100 sun hau maza, kashi 46 cikin 100 sun hau mata. Waɗanda ke hawan juna sun fi tare wa juna faɗa, ba a ga raguwar haihuwarsu ba, kuma kimanin kashi 6 cikin 100 na bambancin ɗabi'ar gado ne. A shekarar kuma José María Gómez da abokan aikinsa suka samu rahoton ɗabi'ar a nau'o'in masu shayarwa 261, kimanin kashi 4 cikin 100 na dukansu. Ta fi yawa a masu zaman taro, ta maza kuma ta fi yawa a nau'o'in da manyan maza ke kashe juna.

Wannan bayani bai game kowa ba. Paul Vasey ya shafe shekaru yana nazarin matan biran Japan a Arashiyama, ya gwada batun ƙawance, sulhu da nuna fifiko, bai samu wanda ya dace ba. Ya yanke cewa ɗabi'ar ta biyo wani hali ne daban, ba don amfanin kanta ta samu ba.

Taimaka wa haihuwa kai tsaye

Hawan da saniya ke yi wa saniya ya faɗo nan. A 1976 Geoffrey Parker da wani abokin aikinsa suka kawo ra'ayin cewa alama ce da bijimi ke hangowa daga nesa, ya zo ya ga abin da ake ciki. Wani gwaji a Amurka da aka buga a 2006 ya nuna cewa bunsurun da ya kalli akuya tana hawan akuya yakan ƙara ƙwazon barbara. Akwai kuma ra'ayin cewa mutane ne suka ƙarfafa halin a shanu ba da saninsu ba: inda ake aron bijimi, saniyar da alamarta ta fito fili ita ake kai wa a kan lokaci, ita ce kuma ke barin 'ya'ya.

A jan ƙwaron gari, wanda ke ɓata hatsi da gari a ma'ajiya, wani bincike na 2009 ya nuna cewa mai yiwuwa maza suna zubar da tsohon maniyyi ne ta wannan hanya. A wasu ƙadangarun hamadar Amurka da Meziko kuwa babu maza ko ɗaya, mata ne ke haihuwa ba tare da barbara ba. David Crews ya bayyana a 1980 cewa suna hawan juna, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna hakan na taimaka wa wadda aka hau wajen yin ƙwai.

Ƙwayoyin gado da dangi

Namiji da mace suna gadon kusan ƙwayoyin gado iri ɗaya. Ƙwayar da ke rage haihuwar namiji za ta iya ɗorewa idan tana ƙara haihuwar 'yan'uwansa mata. A 2015 Jessica Hoskins, Michael Ritchie da Nathan Bailey suka samu wata shaida a ƙudan 'ya'yan itace: zuriyoyin da mazansu suka fi neman maza, matansu sun fi yawan haihuwa.

Wani ra'ayi ya samo asali daga ka'idar William Hamilton ta 1964, wadda ta ce dabba na iya yaɗa ƙwayoyin gadonta ta hanyar taimaka wa danginta su haihu. Ka'idar ta yi bayanin rayuwar zuma da tururuwa da gara, amma shaidar da ke haɗa ta da barbarar jinsi ɗaya a dabbobi ƙalilan ce.

Ra'ayin gadon asali

A 2019 Julia Monk ta Jami'ar Yale da abokan aikinta suka juya tambayar. A ganinsu, halittun farko da suka fara barbara, irin waɗanda ke sakin ƙwai da maniyyi cikin ruwa, ba su da hanyar gane jinsi, don haka barbara da kowa ita ce asali. Gane jinsi ya zo daga baya, kuma yana ƙaruwa ne kawai inda kuskure ke da tsada. Bisa wannan, ba sai an nemo wa ɗabi'ar riba ba, ya isa a nuna cewa ba ta cutarwa sosai. Binciken Gómez na 2023 ya nuna cewa a masu shayarwa ɗabi'ar ta ɓullo ne sau da dama a rassa daban-daban, abin da bai yi daidai da ra'ayin ba a wannan rukuni.

Ragon da ke neman rago

A tashar binciken tumaki ta gwamnatin Amurka da ke Dubois a jihar Idaho, an riƙa gwada raguna ta hanyar ba su zaɓi tsakanin tumaki masu neman barbara da wasu raguna. Kimanin kashi 8 cikin 100 sun riƙa zaɓen raguna a kai a kai. Wannan adadi na garkunan Amurka ne. A 2004 Charles Roselli da abokan aikinsa suka gano cewa wani ɗan gungun ƙwayoyin jijiya a ƙwaƙwalwa ya kai kusan ninki biyu a ragunan da ke neman tumaki, idan aka kwatanta da na masu neman raguna da na tumakin kansu. Girman gungun yana da alaƙa da sinadarin maza da ɗan tayi ya samu tun yana ciki.

Wannan ya bayyana yadda halin ke samuwa a jiki, bai bayyana dalilin ɗorewarsa ba. Daga cikin ra'ayoyin da aka kawo akwai batun ƙwayoyin gado masu amfanar mata, da kuma cewa kiwon gida ya sassauta zaɓin yanayi. Babu wanda aka tabbatar a tumaki. Tarbiyyar rago cikin maza zalla tana iya jinkirta sha'awarsa ga tumaki, amma ba ita kaɗai ce ke haifar da zaɓin dindindin ba. Saboda haka masana kiwo ke ba da shawarar a gwada rago da tunkiya mai neman barbara kafin a dogara da shi don iri, domin girma da kyan jiki ba sa nuna hakan.

Dangantaka da ɗan Adam

Ana yawan jawo wannan batu cikin muhawara kan mutane. Wasu na cewa ko dabba ba ta yi, wasu kuma na cewa tunda dabbobi na yi to babu laifi. Magana ta farko ta saɓa wa abin da aka gani a garke da daji. Ta biyu kuwa ta tsallaka daga abin da ke aukuwa zuwa abin da ya kamata, alhali dabbobi suna yin abubuwa da yawa, kamar kashe 'ya'yan kishiya da zaki ke yi, waɗanda ba wanda ke ɗauka a matsayin abin koyi ko hujja. Masana irin su Bailey da Zuk sun gargaɗi masu karatu da kada a ɗora ma'anonin rayuwar mutane a kan dabbobi. Ilimin halittu yana bayyana yadda ɗabi'a take da inda ta samo asali, hukuncin halal da haram ko daidai da kuskure kuwa fagen addini ne da shari'a da falsafa.